Iya Safara'u da Saniyar Laka

A unguwar masunta ta Auyo, da wuya ka sami wanda aka yaye tsakanin samun mulkin kai da ƙarshen shekarun 1970 bai yi zaman rumfar Iya Safara'u ba. Wurin ba makaranta ba ne, babu allo, babu bulala. Rumfar zana ce a tsakar gida, da tsofaffin tabarmi, da wata babbar kwatarniya cike da laka.

Idan bazara ta tsaya, tafkunan fadama suka janye, kifi ya taru a ɗan ruwan da ya rage, sai unguwar ta watse. Maza su tafi su, mata su bi su bakin ruwa gyaran kifi da banda. Na goye yana bayan uwarsa, wanda ya yi wayo yana gaban malam. 'Yan tsakiya su ne abin damuwa: sun wuce goyo, kuma ba su kai a bar su kusa da ruwa ko wutar banda ba. Su ake kai wa Safara'u tun da hantsi, a zo a kwashe su kafin magariba.

Ita ba ta zuwa bakin ruwa. Kurkunu ya cinye mata gwiwar dama tun tana amarya, ƙafar ta warke a lanƙwashe, da sanda take tafiya. Mijinta Auta masunci ne, ya rasu ya bar ta a gidan, 'ya'yan da ta haifa kuma babu wanda ya kai yaye. Mahaifiyarta Babarbariya ce mai ginin tukwane, a wurinta ta koyi sanin laka: wadda take tsagewa, wadda take son yashi, wadda za ta jure rana. Reno kuwa ba da shiri ta fara shi ba. Wata safiya wata maƙwabciya ta ajiye mata yara biyu ta yi gaba, suka cika gidan da kuka. Akwai ragowar lakar da ta gyara murhu da ita, sai ta gutsuro ta danƙa wa kowa a hannu. Kukan ya tsaya. Kafin bazarar ta ƙare, rumfar ta cika.

Babu abin da ta yanka wa iyaye. Wata ta kawo busasshen kifi, wata ɗan kwanon shinkafa, wata sannu kawai. Yaran kuma ba laka kaɗai suke yi ba. Ta koya musu ɓare kara, su haɗa totuwa da ɓawo su yi mota, ko tabarau, ko ɗan jirgin da ake sakawa a kaskon ruwa. Manyan cikinsu suna tufkar kaba, su yi 'yar igiya ko faifan wasa da ba ya rufe ko bakin ludayi. Amma laka ita ce sarauniya. Da ita ake fara yini, kuma abin da kowa yake ginawa saniya ce.

Doka ɗaya gare ta. Duk abin da aka gina da safe, da la'asar sai ya koma kwatarniya. Yara su yi layi, kowa ya riƙo tasa, ya ce, "Saniya, sai gobe," ya jefa ta ciki, Iya ta kwara ruwa ta rufe da tsumma. Lakar daga bakin kogi ake ɗauko mata a kan jaki, idan kowa ya tafi da tasa gida, kwatarniyar ba za ta yi mako ba. Ta kuma taɓa jin wani malami ya ce bai kamata siffar abu mai rai ta kwana a gida ba, maganar ta zauna mata. Sannan ta san halin yara: wanda tasa ta fi kyau zai yi wa wani gori a hanya, a yi faɗa, iyaye su shigo ciki. A kwatarniya kuwa kowa daidai yake. Shekara goma sha wani abu ana haka, babu wanda ya ga aibun dokar.

Safara'u ba ta taɓa ba wa kowa labarin abin da ya sa ta sauya dokar ba. Yawancin abin da ke biye daga bakin Mairam ya fito, maƙwabciyarta da katanga ɗaya ta raba su, matar wani mahauci, wadda 'yarta 'Yar'azumi take cikin yaran rumfar a lokacin.

Shekarar 1973 ce, shekarar fari. Daminar da ta wuce kogi bai yi ambaliyar kirki ba, fadamar da ta saba riƙe ciyawa har faɗuwar ruwa ta bushe tun da wuri. A gefen gari akwai gidan wani Bafillace mai suna Tukur. Tun kakansa suka zauna a nan, suna noma suna kiwo. Matarsa Ramatu tallan nono take yi, amma a shekarar shanun ba su da abin tatsa, dole ta bi matan masunta aikin banda, aikin da ba ta taɓa yi ba. Ranar da za ta fara, ta shigo gidan Safara'u riƙe da hannun wata siririyar yarinya 'yar kimanin shekara biyar.

"Iya, ga wannan," in ji Ramatu.

"Wannan ɗin ba ta da suna?"

Ramatu ta sunkuyar da kai, ta ja gefen mayafi ta rufe baki.

"Au, ta fari ce! To riƙe kunyarki. Ke, wa sunanki?"

"Bintu."

"Bintu. Bafillatana a gidan kifi! Yau dai Allah ya kawo mini baiwa har gida. Za ki iya shara?"

Yarinyar ta kalli uwarta. Ramatu ta yi dariya ta ce, "Iya, ai mu ne iyayen gidanku, ki tambayi mutanen Barno."

"Ji ta! Wuce ki je ki sha hayaƙi, uwar gida mai ƙarnin tarwaɗa."

Wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani ke nan, kowa ya gaje shi, babu mai jin haushi. Safara'u kuma ta iya shi, don kusan abin da ta gada daga uwarta ke nan bayan sanin laka.

Bintu ba mai surutu ba ce. Gefen rumfa take zama, ta juya wa sauran baya. Shanun yaran masunta dunƙule ne da ƙafafu huɗu, wani lokaci biyar. Tata kuwa tana da tozo, da wuya, da wutsiya mai gashi a ƙarshe da take zanawa da tsinke. Kullum saniya ɗaya take ginawa, idan ta gama ta je murhu ta lakato toka ta shafa mata a goshi. Da la'asar ta shiga layi kamar kowa, ta ce sai gobe, ta jefa. Haka aka yi makonni.

Wata la'asar ana cikin layi, 'Yar'azumi ta ɗaga murya.

"Iya, Bintu ba ta jefa tata! Jiya ma ba ta jefa ba. Dunƙule kawai take jefawa!"

"Ke, gulma tun yanzu? Wa kika gado?"

"Wallahi Iya, tana bayan rumbu. Zo ki gani!"

Yara suka ɗunguma, Safara'u ta bi su da sandarta. A bayan rumbu, ƙarƙashin wata fasasshiyar tukunya da aka kife, akwai ɗan shinge na kara. A ciki ga saniyar laka ta bushe ƙarau, an ɗaure ta da zaren kaba a jikin tsinke. A gabanta an ajiye ɗan kasko da ruwa, da 'yar busasshiyar ciyawa da aka tsinko daga jikin zana.

Nan take rumfar ta rikice. Wannan ya ce shi ma zai ajiye tasa, waccan ta fara kuka a dawo mata da wadda ta riga ta jefa. Safara'u ta duba ta ga idan ta bar wannan, dokar ta mutu ke nan. Ta sunkuya ta tsinke zaren, ta ɗauko saniyar, ta dawo bakin kwatarniya. Don kada abin ya zama faɗa, sai ta mai da shi wasa.

"Kun ga Bafillace ko? Ko ta laka ce sai ya yi mata rowa! To ke mai garke, zo ki yi mata sallama."

Yara suka fashe da dariya. Bintu ba ta motsa ba. Safara'u ta ce, "To ni na yi miki. Saniya, sai gobe." Ta saka ta, ta kwara ruwa. Busasshiyar laka ba ta narkewa nan take. Sai da ta ɗan yi tsuwa tana shan ruwa, ƙafafun suka fara zubewa, tokar goshin ta taso ta yi fari a saman ruwan. Yarinyar tana tsaye tana kallo har aka rufe tsumma. Ba ta yi kuka ba. Safara'u ta shafa kanta ta ce, "Yauwa, 'yar kirki. Kun ga yadda ake yi?"

Washegari Bintu ta zo, ta zauna a wurinta. Aka miƙa mata laka, ta karɓa ta ajiye a gefe, ta sa hannuwa a cinya. Haka jibi, haka gata. Safara'u ta ɗauka fushin yara ne, ta ci gaba da tsokana. "Mai garke ta yi yaji!" Yaran suka kama, sunan ya bi ta.

A bakin 'Yar'azumi Mairam ta ji labarin, yarinyar tana ba da shi da alfahari a wurin cin tuwo. Da safe, kafin a fara kawo yara, Mairam ta zagayo.

"Safara'u, saniyar da kika jiƙa, mai farin goshi ce?"

"Toka dai ta shafa mata. Me ya faru?"

"Zauna tukuna."

"Ki faɗa mini a tsaye, ba gwiwarki ba ce."

Mairam ta faɗa mata. Ranar sunan Bintu, ubanta ya ba ta 'yar maraƙa, kamar yadda suke yi wa 'ya'yansu. Wule ake kiranta, saboda farin goshin. Tare suka tashi da yarinyar, ita take kai mata dusa, a jikinta take jingina idan ana tatsa. A 'yan kwanakin nan yunwa ta kayar da saniyar, aka ɗaga ta ta kasa tsayuwa. Tukur ya zo da kansa da asuba ya kira mijin Mairam, don a yanka ta kafin ta zama mushe, ya roƙe shi kada ya yi zancen a gari. Mahaucin ya ce yarinyar tana tsaye a bakin shinge har aka gama fiɗa, babu wanda ya kore ta, babu wanda ya yi mata magana. Ranar ce ta fara ɓoye ta lakar.

"To me ya hana su gaya mini?" in ji Safara'u.

"Wa zai gaya miki? Kin taɓa jin Bafillace ya ce saniyata ta faɗi? Uwar kuma ko sunan yarinyar ba ta kamawa, ta yaya za ta tsaya gabanki ta ce 'yata tana cikin damuwa?"

"Amma ba ta yi kuka ba, Mairam. Da ta yi kuka ai da na tsaya."

"Haka aka koya mata."

Mairam ta ce Safara'u ta daɗe tana kallon kwatarniyar. Sannan ta ce, "Har dariya na sa aka yi mata." Ita ma Mairam ba ta fitar da kanta ba. Ta ce ta san zancen yankan tun ranar da aka yi, katanga ɗaya ce tsakaninsu, amma mai gidanta ya ce a yi shiru, ta yi shiru.

A ranar Safara'u ta zauna ta gina saniya da hannunta, ta ƙwararriya, ta shafa mata toka a goshi. Ta kira Bintu gefe ta ce, "Ungo. Wannan taki ce, ki tafi da ita gida." Yarinyar ta sa hannu biyu ta karɓa kamar yadda ake karɓar abu daga babba. Ta dube ta. Ta taka har bakin kwatarniya, ta ɗaga tsumman, ta ce, "Sai gobe," ta saka ta ciki, ta koma wurin zamanta. Ko azahar ba a yi ba.

Da yamma Safara'u ta tare Ramatu a zaure.

"Ramatu, na yi wa yarinyar nan laifi. Ban sani ba."

"Haba Iya, wane laifi? Laka ce fa."

"Ba laka ba ce, kin sani, na sani."

Ramatu ta kalli ƙasa ta ce, "Yaro ai mantuwa gare shi." Ta ja hannun 'yarta suka fita.

Safara'u ta yi niyyar ta bi abin a hankali, ta ga ko kafin damina yarinyar za ta sake taɓa laka. Ba ta samu wannan damar ba. Ana cikin haka Tukur ya kaɗa ragowar shanunsa ya yi kudu da iyalinsa neman ciyawa, kamar yadda da yawa suka yi a shekarar. Da sassafe suka tashi, ba su yi sallama da kowa ba. Sai da Bintu ta kwana biyu ba ta zo ba, aka aika yaro ya tarar an ja ƙaya a ƙofar gidan.

Bazarar da ta biyo, yaran rumfa suka tarar da sabuwar doka. Kowa zai mai da abin da ya gina, amma duk wanda ya ce wannan ba ya so ta koma, ba za ta koma ba, kuma ba za a tambaye shi dalili ba. Safara'u ta je ta sami limamin unguwa a kan maganar siffa, ya ce mata abin wasan yara ba shi ne ake nufi ba. Laka ta riƙa ƙarewa da wuri, mai jaki ya riƙa ƙorafi, aka riƙa faɗan gori a hanya kamar yadda ta yi tsammani. Wata uwa ta zo ta ce ɗakinta ya cika da tarkace.

"Ki share ɗakin, ki bar tarkacen," in ji Safara'u.

Ta kuma daina yi wa yaro tsokana a gaban 'yan'uwansa. Waɗanda suka zauna da ita kafin fari suna tuna ta da barkwanci. Na bayan fari suna tuna wata tsohuwa mai yawan tambaya, wadda idan ta ga yaro ya yi shiru sai ta ja tabarma ta zauna kusa da shi, ta fi kula da shi a kan mai ihu.

Sannan ta koma sana'ar uwarta, amma ba tukwane take ginawa ba. Shanu take yi, ta cuɗa lakar da ƙaiƙayi, ta shanya a inuwa, ta gasa da kashin shanu a bayan gida yadda ba za su narke ba ko sun kwana a ruwa. A goshin kowacce tana shafa farar ƙasa. Matsalarta ita ce ba ta san kamannin Wule ba. Saniyar lakar Bintu ta yi makonni tana wucewa ta gabanta, ta kuma riƙe ta a hannu, amma ba ta taɓa tsayawa ta dube ta ba. Tokar da ta taso a ruwa kaɗai take tunawa. Ta sa Mairam ta tambayi mijinta. Ya ce shi dai ya san ƙaho ɗaya ba daidai yake ba, amma ko na dama ne ko na hagu, ko sama ya yi ko ƙasa, shanun da ya yanka a shekarar sun fi ƙarfin tunawa. Don haka ta riƙa yin kowane iri. Wata ƙahon dama ya karkata, wata na hagu ya gutsure, wata ya lanƙwasa baya. Ta jera su a kan katangar cikin ɗakinta, ba ta ba wa kowa.

"Garken nan na wa ne?" Mairam ta taɓa tambayarta.

"Na mai shi."

Sai a daminar 1977 aka ji ɗuriyarsu. Mijin Mairam ya ga Tukur a kasuwar Haɗeja, babu sanda babu malafa, yana sanye da wandon leburori. Shanun sun ƙare a kudu, wasu yunwa, wasu cuta. Yana aiki da masu gina hanya, ya kama ɗaki a bayan kasuwa. A lokacin kuɗin mai ya shigo ƙasa, aikin lebura ba ya wuya, an kuma buɗe makarantun firamare ko'ina, har an sa Bintu a ɗaya.

Safara'u ba ta taɓa yin nisa da gida ba tun rasuwar Auta. Ta ce wa Mairam ta raka ta. Ta shimfiɗa ƙaiƙayi a kwando ta jera shanun, ta ɗebi ɗanyar laka ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ta ɗora a sama. Ruwa ya cika fadama a lokacin, sai da suka shiga kwalekwale, aka cicciɓe ta aka saka, sannan suka sami motar kasuwa.

Sun tarar da Ramatu tana tankaɗe a ƙofar ɗaki. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi mutanen Auyo gida gida. Babu wanda ya yi wasan Barebari da Fulani. Can Bintu ta dawo daga makaranta da 'yar jakarta, ta yi tsawo, ta durƙusa ta gaishe su.

"Kin gane ni?" in ji Safara'u.

"Iya ce mai kwatarniya."

Safara'u ta jingine sandarta, ta dafa bango, ta fara ƙoƙarin kai gwiwarta mai ciwo ƙasa. Ramatu ta yi wuf ta riƙe ta.

"Subhanallahi! Iya, wace ce ita da za ki durƙusa mata? Ke, ce mata ba komai."

"Ba komai," in ji Bintu.

"Ba ke na zo tambaya ba, Ramatu." Safara'u ta zauna a kan turmi, ta jawo kwandon ta buɗe. Ta riƙa fito da shanun ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a kan tabarma. "Duba mini. Wacce ce ta yi kama da ita?"

Bintu ta tsuguna. Ta ɗauki wannan ta juya, ta ajiye, ta ɗauki waccan. Ta bi su duka, ta sake dawowa farko.

"Ban sani ba, Iya."

"Ki dai duba ƙahon."

"Na manta fuskarta." Sannan ta ƙara da cewa, "Da ina ganinta idan na rufe ido. Waccan ta bayan rumbu na yi ta ne tun ina ganinta."

Mairam ta ce a nan ta so ta tashi ta fita, don ba ta iya kallon fuskar Safara'u ba. Ita kuwa Safara'u ta warware tsumman, ta tura ɗanyar lakar gaban yarinyar. Bintu ta dube ta kamar ba za ta taɓa ba. Daga baya ta gutsura, ta mulmula, hannun ya kama aiki: ƙafafu, tozo, wuya, wutsiya. Ta je murhun uwarta ta lakato toka. Da ta zo kan ƙaho sai ta kafa biyu a miƙe, ta tsaya tana kallonsu.

Ana haka Tukur ya shigo, ƙafafunsa duk jar ƙasa. Ya gaida baƙi a taƙaice. Idonsa ya sauka a kan tabarma, ya ga garken gasassun shanu masu farin goshi, ya ga ta hannun 'yarsa. Ya daɗe a tsaye. Sai ya sunkuya, ya sa babban yatsa ya danna ƙahon hagu ƙasa, har ya kusa taɓa ido. Ya miƙe, ya ɗauki buta ya fita.

Bintu ta riƙe saniyar da hannu biyu tana kallo. Ramatu ta juya baya ta ci gaba da tankaɗen garin da ta riga ta tankaɗe.

"Kawo ta," in ji Safara'u a hankali. "In tafi da ita in gasa miki. Idan ta sha wuta, ko ruwa ba zai ci ta ba. Mako mai zuwa in aiko miki."

Ta miƙa hannu. Yarinyar ta ja saniyar ta kai ƙirjinta.

"A bar ta a nan."

"Ke!" in ji Ramatu. "Haka ake yi wa babba?"

"Ƙyale ta," in ji Safara'u. Ta janye hannunta. Ta faɗa wa Bintu ta shanya ta a inuwa, kada rana ta tsaga ta, ta kuma nisanta ta da randa. Sannan ta mai da shanunta cikin kwando ɗaya bayan ɗaya. Ba a ce ta bar ko ɗaya ba, ita ma ba ta yi tayi ba.

A hanyar dawowa da suka shiga kwalekwale, Mairam ta ce wa Safara'u, "To, ai kin sauke nauyi. Ta ce ba komai."

"Uwarta ce ta ce." Ta gyara kwandon a cinyarta. "Ita kuma ta yi daidai. Ni ma da ni ce ita, ba zan ba ni saniyar ba."

Ba ta sake gina saniya ba daga ranar. Ta ci gaba da reno har bazara biyu, sannan gwiwar ta kwantar da ita, ta rasu kafin wata bazarar ta zagayo. Da aka zo share ɗakin, Mairam ta raba wa yaran unguwa shanun kwandon, kowa ɗaya. A cikinsu akwai mai ƙahon hagu a lanƙwashe ƙasa, kusan daidai da yadda Tukur ya danna. Tana cikin waɗanda Bintu ta ɗauka ta juya ta ajiye.

Har yanzu Ramatu tana bayan kasuwar Haɗeja, tana sayar da ƙosai da safe. Da aka tambaye ta ko saniyar ɗanyar lakar tana nan, sai ta ja gefen mayafi, ta ce, "Mai ita ta san inda ta ajiye. Ba ta nuna wa kowa."